Na Jera Gidajen Unguwa Bisa Addini, Yanzu Abokina Ake Tsine Wa

Assalamu alaikum Admin da 'yan wannan zaure. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a saka saƙon nan yadda na turo shi, kada a rage komai. Shawara nake nema, ta gaske, kuma kafin Asabar ɗin nan nake buƙatarta. Masu zuwa su rubuta "Allah ya kyauta" su wuce, na yafe, ku riƙe abinku. Masu zagi kuma ku bi layi, an riga ku, tun makon jiya nake shan zagi ta kowane ɓangare.

Ni ɗan Fagge ne, sana'ata haɗa manhaja da shafukan intanet. Muna da ɗan ofis a saman bene wajen Bata, ni da abokina, zan kira shi Emeka duk da ba sunansa ke nan ba. Ibo ne, Kirista, amma haifaffen Sabon Gari, Hausar bakinsa ta fi ta wasunku da ke karanta wannan. Tun sakandare muke tare. Mahaifiyarsa, Mama muke ce mata, tana da shagon kayan masarufi a ƙofar gidansu, kuma na ci abincin matar nan har ban san iyaka ba. Ta san ba na cin naman da ban san yankansa ba, shi ya sa duk ranar da ta ji zan zo kifi take dafawa.

Sai Baffana, yayan mahaifina. Shi ya riƙe mu tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, a gidansa mahaifiyata take zaune har yau. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, malami ne kuma, bayan sallar asuba zaurensa cika yake da masu ɗaukar karatu. A gidanmu ba a ce masa "amma", ban taɓa jin wanda ya gwada ba. Shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa ta layukan da ke bakin iyakar Fagge da Sabon Gari, inda muke cakuɗe, Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauransu. Aikinsu yashe kwata, kwashe shara, kula da 'yan sintiri. Sannan akwai wani attajiri a Kasuwar Singa da yake ba su shinkafa da man gyaɗa su raba wa mabuƙata, da azumi a ba Musulmi, da Disamba a ba Kiristoci.

A wajen rabon nan ake samun rigima kullum, saboda shugabannin layi ake ba buhunan, su kuma sai su karkatar da rabi gidajen 'yan uwansu. Shi ne Baffa ya ce mu yi masa manhajar da zai riƙa ganin kowa da idonsa. Abin ba wani wahala ba ne. Tebur ne a shafi, kowane magidanci da layinsa a kwance, bayanansa kuma a kolom-kolom, wato gidajen da suka sauko daga sama zuwa ƙasa, suna, lambar waya, titi, lambar gida, yawan mutanen gida. A saman kowane kolom akwai 'yar kibiya. Ka danna ta suna, sunaye su jeru daga A zuwa Z, ka sake dannawa su juya. Ka danna ta titi, 'yan titi ɗaya su haɗu wuri guda. Ranar da na nuna wa Baffa ya yi ta danna kibiyar nan yana cewa "Ikon Allah!" Ya ce a sa hotonsa a sama kusa da sunan ƙungiya, muka sa. A can ƙasa kuma sunan ofishinmu da lambar wayar Emeka, don shi ne mai magana da kwastomomi, ni ba ni da haƙurin wannan.

Da Disamba ta matso, Baffa ya kira ni zaure, ya ce yana son a ƙara kolom ɗin addini, da kibiyarsa, yadda idan ya danna zai ga Kiristoci a haɗe, ya san buhu nawa zai karɓo, da azumi kuma ya juya ya ga Musulmi. Wallahi summa tallahi iyakar abin da ya ce ke nan, kuma iyakar abin da yake nufi ke nan. Ni ma ban ga komai a ciki ba, aiki ne da ba zai ɗauke ni ko shan shayi ba.

Da na gaya wa Emeka sai ya yi kememe ya ce ba da shi ba. Wai ba zai sa hannunsa a shafin da mutum zai danna abu ɗaya ya ga duk Kiristocin unguwa da adireshinsu a jere ba. Na ce haba, shinkafa fa za a raba, ba harsashi ba. Ya ce ya sani, ya yarda da Baffa, amma shafin ba ya sanin wanda ke danna shi. Ya ce a bar wa shugabannin layi su riƙa kawo adadi kawai, na ce ai ɓarayin da ake gudu ke nan. Muka yi ta ja har ya ce mini wai ni ban taɓa kwana da takalmi a ƙafa ba, shi kuwa yana yaro ya kwana, lokacin da gari ya rikice, Mama ta hana su cirewa saboda ko za a yi gudu. Gaskiya maganar ta ba ni haushi. Wannan zancen na shekarun baya ne, kuma ba ni na kore su ba, me ya sa kullum sai an ɗauko shi an ɗora mana? Na ce masa shi ke nan a bar maganar, ya ɗauka na haƙura.

Ban haƙura ba. Baffa kullum sai ya tambaye ni ina aikinsa, ni kuma ba zan iya buɗe baki in ce masa abokina ya hana ba, ya ce mini wato yaron nan ne yake juya ka. Sai aka yi wa su Emeka rasuwa a ƙauyen kakanninsu, ya yi tafiya, na zauna na saka kolom ɗin, sakataren ƙungiya ya cike. Kuma don ku ji inda tsiyar take, aikin na yi shi da kyau. Na tsara shi yadda idan ka danna addini, ba haɗa su kawai zai yi ba, a cikin kowane rukuni zai sake jera su titi-titi, a cikin titi kuma bisa lambar gida, saboda mai kai kaya ya bi gida-gida ba sai ya yi ta komawa baya yana ƙona mai ba. Har daɗi na ji da na gama, na ce Emeka zai dawo ya ga aikin hankali.

Ranar rabo sakatare ya danna kibiyar, Kiristoci suka hau sama tunda K ta riga M, ya ɗauki hoton shafin farko ya tura wa mai adaidaitar da zai kai kayan. Shi kuma wannan bawan Allah, ɗan Kurna ne, bai san layukan ba. Maimakon ya ɗauko buhunan ya tafi da su, wai sai ya ce bari ya fara zuwa ya gane gidajen tukuna. Ya ajiye adaidaitarsa a bakin titi, ya shiga layi a ƙafa, hannu rabbana, yana nuna wa mutane waya yana tambaya, ina ne gidan wane, ina ne lamba kaza. Ku dubi wannan wauta don Allah! Baƙon Bahaushe yana yawo a Sabon Gari da jerin sunayen Kiristoci zalla, da lambar gidan kowa, da yawan mutanen da ke kwana a ciki. Kafin ya kai ƙarshen layi an kewaye shi. Allah ya taimake shi wasu dattawa masu shago suka ja shi ciki suka kulle, da yanzu wani zancen ake yi.

Amma an riga an ɗauki hoton wayarsa. Kafin la'asar hoton ya shiga kowane guruf, da muryar wata mata tana kuka tana cewa an gama lissafa gidajensu, kowa ya kwashe 'ya'yansa. Ba wanda ya ce a tsaya a tambaya. A saman hoton ga Baffa da rawaninsa, a tsakiya ga sunaye, a ƙasa ga lambar Emeka ɓaro-ɓaro. Wasu sun sa yaransu a mota zuwa kudu tun kafin a ba da hutun makaranta. Shinkafar kuwa ba gidan da ya karɓa, tana nan jibge a zauren Baffa, masu karatu suna raɓawa ta gefenta.

Emeka yana hanyar dawowa wayarsa ta fara ruri. Mutanensa ne, ana ce masa maci amana, wai ya sayar da su ga Hausawa, wai dama an daɗe ana ganin take-takensa, kullum yana Fagge. Bai ma san me ake magana a kai ba sai da aka tura masa hoton. Daga tasha ofis ya wuto da jakarsa, ya same ni, ya wanke ni tas. Ban hana shi ba da farko, na san yana da gaskiyarsa. Amma shi ma ba waliyyi ba ne, kada ku ɗauka. Cikin faɗan sai cewa ya yi wai "ku dama haka kuke", ku yi abu ku ce ba ku yi nufin komai ba. Ku su wa? Ni da muka raba katifa ɗaya a makaranta, yau ni ne "ku"? Nan idona ya rufe, na ce masa idan tsoro ya hana shi sakat ya tattara ya koma garinsu mana. Ya tsaya ya kalle ni, ya ce, "Garinmu ina? Asibitin da aka haife ka a nan aka haife ni." Ya sauke shafin daga intanet, ya canza fasuwod ɗin komai har da na ayyukan da ba su shafi ƙungiya ba, ya ɗauki kwamfutarsa ya fita. Har yau ba na iya taɓa aikin kowa, kwastomomi suna ta kira, wannan ma ai mugunta ce.

Mai unguwa ya sa baki, shi da shugabannin coci da dattawan ɓangaren biyu, aka sa zama ranar Asabar a yi bayani a gaban kowa. To a nan ne Baffa ya ba ni mamakin da ban taɓa zato ba. Ashe tun ranar da abin ya faru mai unguwa ya kira shi, shi kuma da ya ga hotonsa yana yawo sai ya tsorata, ya ce shi bai san da wani kolom na addini ba, bai ce a yi ba, yara ne masu kwamfuta, kuma ɗansu Kiristocin ne ma yake riƙe da abin, ga lambarsa nan a jiki. Mutumin da yake karantar da mu cewa ƙarya haramun ce ko da wasa! Da na je na same shi na durƙusa na ce Baffa ai kai ka ce a saka, bai ko ɗago ba, ya ce in rufe masa baki. Wai maslaha ce. Wai idan aka ce Bahaushe mai rawani ne ya sa a jera Kiristoci, ba wanda zai yarda don shinkafa ne, unguwa za ta kama da wuta, amma idan aka ce ɗansu ne ya yi kuskure, za su yi masa faɗa su bar shi, ai ba za su taɓa nasu ba. Ya ce ranar Asabar in tashi in ce Emeka ne ya ƙara, ko in yi shiru shi ya faɗa, ni dai kada in musa.

Ba za su taɓa nasu ba? Baffa bai san abin da ake ciki ba, ko ya sani ya kau da kai. Emeka ba ya iya fita layinsu sai ya yi sammako. An cire shi daga guruf ɗin matasan cocinsu. Mama kuwa matan da suke zama benci ɗaya da ita a coci shekara da shekaru sun tashi sun bar mata bencin, shagonta ko ashana ba a saya. Idan aka tabbatar a gaban dattawa cewa shi ya yi, wallahi zaman Sabon Gari ya ƙare musu, kuma ba su da wani gari, na faɗa ne kawai don in ƙona masa rai.

Na san wasunku za su ce to ka ɗauki laifin kai kaɗai mana, ka fitar da su duka. Kun ɗauka ban yi tunanin wannan ba? Idan na ce ni na yi don kaina, ba wanda ya sa ni, tambayar farko ita ce don me. Saurayi ɗan Fagge ya zauna haka kawai ya jera gidajen Kiristoci titi-titi, shugaban ƙungiya ya ce bai sani ba, abokin aikinsa ya ce ya hana shi. Wa zai yarda shinkafa ce? Daga wajen zaman sai ofishin 'yan sanda, kuma tsoron mutane ƙaruwa zai yi. Abin da kawai zai sa maganar ta zauna shi ne gaskiyarta, shugaba ya nema don rabo, ni na saka, Emeka ya hana tun farko. Faɗin haka kuwa daidai yake da in tashi a gaban mai unguwa da fastoci da almajiran Baffa in ce Baffa ya yi ƙarya. Mahaifiyata ta riga ta ce mini idan na kunyata shi in nemi inda zan kai ta, don ba za ta iya haɗa ido da matan gidan ba.

Wasu kuma za su ce ai kwamfuta tana ajiye wanda ya yi kowane canji da ranar da ya yi. Haka ne, kuma bayanin yana hannun Emeka. Na aika masa saƙo na ce ya nuna musu mana, ya bar ni in yi shiru. Ya ce wa zai karanta a cikin tsofaffin nan? Za su ce shi da ya iya haɗawa ai ya iya gogewa. Ya ce shi ba hujja yake nema ba, bakina yake so, in faɗa da Hausa kowa ya ji. Ka ji fa, shi ma ya sami inda zai matse ni. Kowa wuyana yake nema, Baffa ta nan, shi ta can, sakatare da ya tura hoton ya kashe wayarsa, mai adaidaita ya gudu Kurna, matar da ta yi muryar kuka ba wanda ya ce mata kanzil. Ni kaɗai ne za a tsayar a tsakiyar fili.

Jiya da hantsi na kasa zama, na tafi shagon Mama. Na shirya za ta zage ni, na ma fi son haka, da na sami abin riƙewa. Tana zaune ita kaɗai tana kaɗe ƙudaje daga kan burodin da ba a saya ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ba ta ce mini ɗana ba kamar yadda ta saba, ba ta kuma turo mini kujera ba. Ta ciro wayarta ta buɗe hoton nan, ta sa yatsa a kan wani layi, ta ce, "Ni ban taɓa cike takardar ƙungiyarku ba, ban taɓa neman shinkafar kowa ba. Wa ya ba su lambar gidana? Wa ya gaya musu mu biyar ne?"

Jama'a, ni ne. Ba ta cikin rajistar, ni na ƙara ta da hannuna ranar da na saka kolom ɗin, saboda na ga kasuwa ta yi mata nauyi bana, na ce bari buhu ɗaya ya je gidan a matsayin ba-zata. Ban tambayi kowa lambar gidan ba, na san ta kamar ta gidanmu, na san da jikokinta biyu da suke kwana a ɗakinta, na lissafa da su. Na buɗe baki in yi mata wannan bayanin, ta ɗaga mini hannu. Ta ce ba yanzu ba, ta ce ranar Asabar za ta zo, za ta zauna a gaba, a can take so ta ji.

To ga ni nan. Raina a ɓace yake da kowa, da Baffa da ya zame ya bar ni, da Emeka da ya ce mini "ku", da kaina ma. Don girman Allah ku gaya mini abin da za ku yi idan ku ne, ba abin da ya fi daɗin rubutawa a kwament ba. In yi shiru in bar Baffa ya ɗora wa Emeka, in koma gida in ci tuwon gidansa lafiya? Ko in tashi in ƙaryata mutumin da ya rene ni, a gaban almajiransa, in fara neman ɗakin hayar da zan sa mahaifiyata? Idan akwai malami a cikinku ya faɗa mini wanne ne ya fi nauyi a wajen Allah, kada ya ce mini in yi addu'a kawai, ina yi. Baffa zai zauna a damana ranar nan, Mama kuma tana gabana tana kallon bakina, kuma mai unguwa sunana zai fara kira.